Gulbin Sakkwato da ɗaliban da ba su san shi ba

Sunan Tudun Wada kansa ya faɗi halin mazaunansa: mutanen tudu ne. A wannan unguwa ta Gusau, ruwa abu ne da ake saye a jarka daga hannun ɗan garuwa, ko a jira shi a bakin famfo, ko a yi addu'ar saukarsa idan bazara ta tsananta. Yaron da ya tashi a nan yana iya ƙare sakandare, ya shiga jami'a, ya fito da digiri, ƙafarsa ba ta taɓa taka cikin kwalekwale ba. Alhali kuwa tafiyar 'yan mintuna ce a kan babur tsakanin unguwar da Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa ya biyo ta gefen garin.

Gulbin fuska biyu gare shi. Da rani sai ya kwanta, yashi ya bayyana fari fat, masu tifa su shiga ɗiba, masu wanki su shanya tufafi a kan duwatsu, 'yan lambu su jera fangalin albasa da tumatir a gaɓa, makiyaya su gangaro da shanu mashaya. Da damina kuwa sai ya zama ja jawur, ya cika ya batse, yana tafe da itatuwa da karan gonakin da ya cinye a hanya. Madatsar da aka yi masa a Gusau ita ce ke tare ruwan da garin ke sha, kuma dattawa ba su manta da shekarar 2006 ba, lokacin da ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta share ɗaruruwan gidaje.

Wanda ya bi wannan ruwa da ido zai ga ya nufi yamma, ya ratsa ƙasar Bungudu da Maru, har ya faɗa tafkin Bakolori da ke tsakanin Maradun da Talata Mafara. An gina wannan madatsa tsakanin 1974 da 1978 don noman rani, kuma tarihinta yana da ɗaci, domin a 1980 an zubar da jinin manoman da suka tashi neman diyyar gonakinsu. Daga nan gulbin ya wuce ya haɗu da Rima kusa da birnin Sakkwato, ya juya kudu ta Argungu da Birnin Kabi, ya karɓi Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, sannan ya zube a Kwara. Kwara kuma ta kai shi Yawuri, ya shiga tafkin Kainji da ya samu bayan kammala madatsar a 1968, ya bi ta Jebba da Lakwaja har tekun Atlantika. Ashe ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadojin Gusau hanyar teku ya nufa. Ɗalibanmu na ilimin ƙasa suna zana wannan layi a allo, suna cin jarrabawa a kansa, amma ƙalilan ne daga cikinsu suka taɓa ganin ko da rabin zangonsa.

Akwai wata al'ada ta ɗaliban jami'o'in Birtaniya da ta dace mu duba a nan. Jami'o'i da yawa a can suna da ƙungiyoyin ɗalibai masu tuƙa jiragen ruwa da iska ke turawa. Idan dogon hutu ya zo tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba a arewacin ƙasar, sai su haɗa kuɗi su yi hayar jirgi mai tsawon mita 10 zuwa 12, su tashi daga gari irin Oban a gaɓar yammacin Sikotlan, su yi mako guda suna zagaya tsibirai. Mutum shida zuwa takwas ne a jirgi, da shugaba guda da ya mallaki takardar ƙwarewa. Kowa da aikinsa: wannan yana riƙe da akala, wancan yana jan igiyar ƙyallen da ke kama iska, wani yana karanta taswirar ruwa da jadawalin cikowar teku da janyewarta, wani yana girki. Ana karɓa-karɓar tsaro dare da rana. Wanda ya yi barci a lokacin aikinsa ya jefa rayukan 'yan uwansa cikin haɗari, kuma kowa ya san haka tun kafin a kwance igiya. Ƙasar da ta fara tseren kwalekwale tsakanin jami'o'in Oksfod da Kambirij tun 1829 ta daɗe da ɗaukar ruwa a matsayin aji.

Mai karatu zai ce ina ruwan Bazamfare da wasan 'ya'yan masu hali a tekun Turawa. Gaskiya ne ba mu da teku, ba mu kuma da kuɗin hayar irin waɗannan jirage. Abin da ya kamata mu ara shi ne tunanin da ke ƙarƙashin al'adar: matashi ya koyi ruwan ƙasarsa da jikinsa, a ƙarƙashin wanda ya san shi, cikin ƙungiya mai doka. A wurinsu wannan tarbiyya ce da shaƙatawa. A wurinmu magana ce ta rai da mutuwa.

A watan Satumba na 2024, kwalekwale ɗauke da manoma masu zuwa gonakinsu ya kife a Gummi, mutane da dama suka riga mu gidan gaskiya. A watan Mayu na 2021, wani jirgin katako da ya yi lodi fiye da kima ya nutse a Kwara kusa da Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski a Jihar Kabi, aka rasa mutane masu yawan gaske. Kusan kowace damina sai an ji irin wannan labari daga wani mashigi na Sakkwato ko Kabi ko Neja, kuma dalilan ba sa canzawa: tsohon jirgi mai yoyo, lodin da ya wuce ƙarfinsa, tafiyar dare, rashin rigar kariya, da fasinjojin da ba su iya iyo ba. Bayan kowane haɗari hukumomi kan yi ta'aziyya, a raba rigunan kariya a gaban kyamara, sannan a koma gidan jiya. Waɗanda za su zama kansiloli da shugabannin ƙananan hukumomi da jami'an agajin gaggawa nan da shekara goma suna zaune yau a azuzuwanmu. Idan ba su taɓa jin yadda kwalekwale ke karkata ba sa'ad da mutum uku suka miƙe tsaye a gefe ɗaya, yaya za su gane abin da dokar ƙayyade lodi ke karewa?

Malaman da za su koyar da wannan ilimi ba sai an ɗauko su daga waje ba. Sarkawa sun shekara ɗaruruwa a bakin waɗannan gulabe, daga Kabi har Yawuri, kuma garuruwan bakin gulbi da yawa suna da Sarkin Ruwa. Basarke yana duban fuskar ruwa ya gaya maka inda gurbi yake da inda dutse ya ɓuya. Ya san lokacin da ake tura jirgi da gora da lokacin da sai matuƙi, ya san yadda ake fuskantar igiyar ruwa da goshin jirgi don kada ta doke shi a haƙarƙari, ya san yadda ake kamo wanda ke nutsewa ta baya don kada ya riƙe mai cetonsa su tafi tare. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo siffarsa ta yanzu tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wasannin kabanci sun ƙunshi tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwa a ruwa, kuma hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin gadon al'adun duniya a 2016. Yawuri ma tana da bikinta na Rigata. Muna zuwa kallon waɗannan gwanaye sau ɗaya a shekara, mu tafa musu, mu dawo gida. Har yau ba mu shimfiɗa musu buzun malanta ba, ga shi kuwa tsofaffinsu suna ta ƙarewa, 'ya'yansu da yawa sun koma acaba a birane.

Addininmu ma bai bar mu da uzuri ba. Sananne ne a wurin malamai cewa an ruwaito Sayyidina Umar ya yi umarni a koya wa yara iyo tare da harbi da hawan doki. Mun riƙe doki har muka yi fice a hawan sallah, muka bar iyo ga 'yan bakin gulbi.

Babban abin da zai tsaya a gaban wannan shawara shi ne tsaro, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Hanyar Tsafe zuwa Funtuwa ta zama abin fargaba, dazuzzukan Maradun da Maru haka, kuma jama'ar Gusau ba su manta da sace ɗaliban Jami'ar Tarayya a Sabon Gida cikin Satumban 2023 ba. Yawon buɗe ido da makarantu kan kai yara Dutsen Kwatarkwashi ko Bakolori ya ja baya ƙwarai. Babu uban da zai yarda ɗansa ya kwana a bakin gulbi cikin daji a wannan hali, kuma babu malami mai hankali da zai nemi haka. Sai dai wannan ƙunci shi ne ya ƙara wa ruwan da ke cikin gari daraja. Madatsar Gusau tana kusa, ana iya zuwa da safe a dawo kafin azahar. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da na Jami'ar Jihar Zamfara, duk a Talata Mafara, su ne maƙwabtan Bakolori, ranar da hanya ta yi kyau.

Lokacinmu kuma ya bambanta da na Turawa. Watannin da suke fita teku su ne tsakiyar daminarmu, sa'ad da gulbi ya fi haɗari. Namu lokacin yana farawa ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, ruwa ya kwanta amma bai janye ba, iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas. Wannan iska da muke toshe wa tagogi tana iya tura ƙaramin jirgi mai ƙyalle a kan tafki, kuma ɗaliban injiniya za su sami aikin ƙarshen shekara mai ma'ana idan aka ce su ƙera shi tare da masassaƙan jirgi na gargajiya.

Tsarin ba ya buƙatar dukiya mai yawa. Kwalekwale biyu ko uku na katako, rigunan kariya daidai da adadin masu shiga, Basarke guda da za a biya shi albashi a kira shi malami, da malamin jami'a da zai ɗauki alhakin rajista. Dokar farko ita ce babu mai shiga jirgi sai ya ci jarrabawar iyo. Ta biyu, babu injin mai fetur a kan ruwan da gari ke sha, kuma sai da izinin hukumar ruwa. Asibitin makaranta ya riƙa gwajin tsargiya, domin cutar tana nan a ruwan da ba ya gudu, maganinta kuma sananne ne. Ɗalibai mata su sami ranarsu da mai koyar da su mace, cikin suturar da ta dace, domin mata da ƙananan yara suna cikin waɗanda suka fi halaka idan jirgin fito ya kife a ranar kasuwa ko ta biki. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau, wadda ta mata ce, tana yaye malaman da za su kai wannan sani firamaren ƙauyukan bakin gulbi.

Ƙungiyar za ta amfani karatu kai tsaye. Ɗalibin kimiyyar halittu zai ƙidaya irin kifin da ya rage, ko giwan ruwa da ragon ruwa suna nan ko sai tarwaɗa da karfasa. Na ilimin ƙasa zai auna yadda yashi ke cike madatsa shekara bayan shekara. Na sashen Hausa zai tattara kalmomin su da na fito daga bakin masu su, irin su koma da taru da birgi da mamari, kafin su shige kabari tare da dattawan da ke furta su.

Ranar da Allah ya dawo mana da zaman lafiya, waɗanda suka fara a madatsar Gusau su ne za su shirya tafiyar mako guda daga Argungu zuwa Yawuri, suna yada zango a garuruwan Sarkawa, suna karɓa-karɓar matuƙi da girki. Kafin wannan rana, shugabannin manyan makarantunmu da ƙungiyoyin ɗalibai suna da abin da za su iya farawa a hunturun bana: su aika a gaishe da Sarkin Ruwa, su tambaye shi nawa ne kuɗin kwalekwale.