Hoto ya yi duhu, ko fuskar ce ba mu so?

Yau maganata da 'yan sashen hotuna ce, amma duk mai waya a aljihu ya matso kusa. Kusan kowace zumuntar matasa yanzu tana da mutum biyu ko uku da ke ɗaukar hoto lokacin sujada, su gyara, su ɗora a Facebook kafin yamma. Ina yaba wannan hidima. Abin da ke damuna shi ne fuskokin da nake gani. 'Yar'uwar da na sani baƙa wuluk tana fitowa wankan tarwaɗa, mai wankan tarwaɗa kuma ta koma fara tas, har sai na duba zanin mawaƙa kafin na yarda namu ne.

Ba na ɗora wa masu gyaran duka laifin, domin kyamara kanta tana da tarihi. Tun wajen shekarun 1950, kamfanin Kodak yana raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, ana kiransa katin Shirley. Da shi ake saita launi: in fatarta ta fito daidai, an ɗauka komai ya yi. Fata mai duhu kuwa sai ta fito kamar inuwa, ido da haƙori kawai ake gani. Masu binciken wannan tarihi sun nuna cewa daga cikin abin da ya sa aka inganta launin ƙasa-ƙasa har da koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla. Ku ji fa, katako ya riga mu samun mai kai ƙara. Sai a shekarun 1990 katin ya ƙunshi mata masu launi daban-daban. Ko a 2021, da Google ya fitar da wayar Pixel 6, abin da ya yi talla da shi shi ne wai yanzu kyamararsa tana ganin baƙar fata yadda take.

Saboda haka gyara ba zunubi ba ne. Kyamara tana auna hasken wuri gaba ɗaya ta nemi tsaka-tsaki. In baƙin mutum ya sa farar riga, ko ya tsaya taga na bayansa, farin zai rinjayi ma'aunin, fuskar ta nutse. Muna fama da wannan kowace shekara a hoton yaye ɗalibai a makarantar tauhidi. Maganinsa a Lightroom ko Snapseed shi ne a ɗaga inuwa kaɗan, a rage ƙarfin wuraren da suka yi fari fat, ba a ƙara hasken hoton duka ba. In ka ƙara duka, fuskar za ta yi toka-toka kamar ƙafar yaro a hunturu. In fitilun majami'a sun zuba wa mutane kore ko shuɗi, sai a daidaita launi da wani abu da aka san fari ne, misali rigar mai wa'azi. Kada kuma a goge sheƙin goshi da na kumatu gaba ɗaya, shi ne ke fitar da siffar baƙar fuska.

Wani abu da matasanmu suka nuna mini ya tsaya mini a rai. A manhajar gyara, fatar Bature da ta mutumin Sudan ta Kudu duk suna zaune ne a yanki ɗaya, tsakanin ja da ruwan lemo. Bambancin yana wajen duhu da kauri. Bulus ya faɗa wa mutanen Atina, a Ayyukan Manzanni 17, cewa tushen dukan al'ummai ɗaya ne. Ban zata zan ga shaidar haka a jikin kwamfuta ba.

To, a wannan yankin na ruwan lemo ne jarabar take. Ka ja ma'aunin haskensa sama kaɗan, ka gyara kuskuren kyamara. Ka ƙara ja, ka fara gyara mutumin. Tsakanin biyun motsin yatsa ne kawai, kuma babu wanda zai kama ka, sai ma a yi maka godiya. Amma ka tuna yarinya 'yar shekara goma sha biyar da za ta ga hotonta a shafin ikilisiya, ta ga an yaba mata ɗari bisa fuskar da ba tata ba, sa'an nan ta koma gaban madubi. Mai sayar da man bilicin ba ya bukatar ya ƙara mata wani bayani. Kuma wasu mayukan nan suna ɗauke da sinadarin makuri, mai lalata ƙoda.

Ku karanta Littafin Ƙidaya sura 12 a wannan mako. Maryamu da Haruna sun yi gunaguni a kan Musa saboda matar da ya aura mutuniyar Kush ce, ƙasar da ke kudu da Masar. Masana suna da ra'ayoyi a kan ainihin abin da ya ɓata musu rai, har da kishin shugabanci, don haka ba zan cusa wa nassin abin da bai faɗa ba. Amma lura da hukuncin: Maryamu ta kamu da kuturta, fatarta ta yi fari fat, aka fitar da ita bayan zango kwana bakwai. A wannan labarin, farin fata ba lada ba ne.

Ga roƙona ga 'yan sashen hotuna. Kafin ka ɗora hoto, gwada fuskar da wuya da bayan hannu, ka ga ko launinsu ya zo ɗaya. Ka tambayi kanka ko mahaifiyarta za ta gane ta nan take. In wani ya ce ka ɗan haska shi, ka nuna masa hoton da aka gyara daidai tukuna. Da yawa ba su taɓa ganin baƙar fatarsu ta fito da kyau ba, shi ya sa suke neman fari. Ran Lahadi kuma, a daina jera mawaƙa cikin tsakar rana bayan an tashi sujada. A kai su bakin inuwa, su fuskanci sarari, taga ko rana kada ta kasance a bayansu.