Abin da ƙaramar jakar soja ta koya mini game da tsayar da jini

A makarantunmu muna koya wa yara yadda zuciya ke tura jini cikin jijiyoyi, su zana a allo, su haddace, su rubuta ranar jarrabawa. Amma mu tambayi kanmu, mu malamai da iyaye: in jinin nan ya ɓalle daga hannun yaro a gabanmu, mu nawa ne muka san abin yi kafin a samo mota? Babban mutum yana da jini kamar lita 5 a jikinsa, kuma in ya rasa lita 2 ransa na cikin haɗari. Yaro mai nauyin kilo 25 kuwa duka jininsa bai wuce lita 2 ba. In babbar jijiya ta cinya ko ta damtse ta yanke, mutum na iya cikawa cikin minti biyar. A ƙauyen da nake koyarwa, a ƙasar Tasawa, minti biyar bai isa a tada babur ba, balle a kai CSI.

Ni ba likita ba ne. Abin da na sani na same shi ne wurin ƙanena, wanda soja ne. Wata rana da ya zo hutu na ga wata ƴar jaka cikin kayansa, girmanta bai kai na littafin karatu ba, na ce masa ko ta harsashi ce. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, wannan ai ita ce ke maido mu gida." Ya zazzage ta a kan tabarma. Akwai safar hannu, almakashi, naɗin kwampires, bandeji mai roba da ke matse rauni, wata leda mai manne da ake rufe hudar ƙirji da ita, alƙalami mai kauri, sai wani baƙin maɗauri mai ɗan sanda a jikinsa, wanda suke kira garo da Faransanci. Abu biyu ya faɗa da suka tsaya mini a rai. Na farko, kowane soja wuri ɗaya yake rataya jakarsa, don kada abokinsa ya tsaya lalube cikin duhu. Na biyu, in mutum ya faɗi, da jakarsa ake yi masa aiki, kai ka bar taka don ranarka.

Jakar nan da asarar rayuka aka koye ta. Maɗauri mai murɗawa tsohon abu ne, wani likitan Faransa mai suna Jean-Louis Petit ya ƙera irinsa tun 1718, amma an daɗe ana tsoronsa, ana cewa shi ke sa a yanke ƙafa. Bayan faɗan Mogadishu na 1993 likitocin sojan Amurka suka sake duba lamarin, kuma a yaƙin Iraƙi da Afganistan aka riƙa ba kowane soja nasa. Wani bincike da suka wallafa a 2012, kan sojojinsu da suka mutu daga 2001 zuwa 2011, ya nuna cewa cikin waɗanda da ana iya ceto kafin a kai asibiti, kusan 9 cikin 10 zubar jini ce ta kashe su. A Disamban wannan shekarar ta 2012 wani ɗan bindiga ya kashe yara 20 da ma'aikata 6 a makarantar firamare ta Sandy Hook. Daga nan likitoci suka ce ilimin nan bai kamata ya tsaya a bariki ba, har a 2015 fadar shugaban Amurka ta ƙaddamar da shirin koya wa farar hula tsayar da jini, ciki har da malaman makaranta.

Mu ma ba sai an yi harbi ba. Muna da hanyar RN1 da ta ratsa daga Yamai zuwa Dosso, Ƙonni, Maraɗi da Damagaram, muna da kabu-kabu da ke ɗaukar yara uku a baya, muna da lauje, gatari, injin niƙa da fasassun kwalabe.

Ga abin da ƙanena ya sa na yi ta maimaitawa a kan damtsensa har hannuna ya saba. Farko ka buɗe wurin ka ga inda jinin ke fitowa, ko da za ka yage riga. Jinin da ke tsartuwa, ko wanda ke kwarara ba tsayawa, ko wanda ya jiƙe tufa sharkaf, shi ne na gaggawa. Ka sa safa, in babu ka zura hannunka cikin leda mai tsabta. Ka ɗora kwampires ko ƙyalle a kan raunin, ka danne da hannu biyu da nauyin jikinka. Kada ka riƙa ɗagawa kana leƙe, don kowace ɗagawa tana rushe gudan jinin da ya fara daskarewa. Minti goma cur, a duba agogo. Yana nan kana danne ka nuna mutum ɗaya da sunansa ya kira taimako, lambar ƴan kwana-kwana 18, ko ya nemo mota. In ka ce "wani ya kira", ba wanda zai kira.

In raunin mai zurfi ne, musamman a hammata, ko matsematsi, ko gindin wuya, inda ba a iya ɗauri, sai a cusa kwampires cikin ramin da yatsa, a cika shi dam, sannan a danne. Kwampires na sojoji wani yana da sinadarin da ke hanzarta daskarewar jini, da shi minti uku na dannewa kan isa, amma na kantin magani ma yana aiki in an yi haƙuri. Ƙirji da ciki ba a cusa musu komi, rufewa ake yi a gaggauta. In wuƙa ko ƙarfe na cake a jiki, a bar shi inda yake, a danne gefensa.

Garo na hannu da ƙafa ne kawai, lokacin da dannewa ta kasa ko gaɓa ta guntule. A ɗaura shi sama da raunin, ta wajen jiki, da kamar santimita 5 zuwa 7, ba a kan gwiwa ba. A ja shi tam, a murɗa sandan har jini ya tsaya, a maƙale, a rubuta lokacin a jikin maɗaurin ko a goshin mai raunin. Zai yi ihu, don yana da zafi ƙwarai. Ba a sassautawa don tausayi, likita ne kaɗai ke kwancewa. Ƙasa da awa biyu da wuya ya jawo asarar gaɓa, shi ya sa lokacin da aka rubuta yake da muhimmanci. In ba garo, ƙyalle mai faɗin yatsa uku da ƙaƙƙarfan icce su ne madadi. Waya, igiya da robar taya suna yanka nama ne kawai.

Farkon wata damina iska ta ɗebo kwanon rufi ta yanki wani ɗalibina ɗan aji biyar a hannu, ƙasa da gwiwa. Na kwance rawanina na ninke, na durƙusa na danne. Yaron yana ta cewa, "Mushe, ka sake ni, da zafi." Mutane suka taru, wani na cewa a kawo toka, wata tsohuwa ta miƙo ƙoƙon ruwa. Na ce, "Inna, a riƙe ruwan tukuna, a ba ni zane in lulluɓe shi." Ban ɗaga hannu ba har bisa babur, ina zaune bayansa, har aka karɓe shi a CSI aka ɗinke. Ba a kai ga garo ba. Yawancin raunuka haka suke, hannu da haƙuri sun ishe su.

Iyayenmu da ke zuba toka, ƙasa, garin taba ko man birki a rauni, ƙauna ce ta sa su. Sai dai waɗannan ba su tsayar da babbar jijiya, suna shigar da ƙwayoyin cuta, har da tetanos mai sandarar da jiki, kuma sai likita ya sha wahalar kankare su. Ruwan sha ma a dakata da shi, don wataƙila za a yi wa mutum aiki, ana gudun amai. Abin da yake bukata shi ne a kwantar da shi a rufe shi, ko da rana ake, domin jinin da ya yi sanyi ba ya daskarewa da kyau. Akwai kuma inda muke ɗauri bai kamata ba: saran maciji. Can matse ƙafa da igiya ɓarna yake ƙarawa. A hana gaɓar motsi, a kai asibiti.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin kwamitin COGES ba. Kowace makaranta ta samu akwati ɗaya mai safa, kwampires, bandeji, almakashi da alƙalami, da garo na gaske in an samu, don na jabu kan karye a lokacin murɗawa. A ajiye shi wuri ɗaya da kowa ya sani, kamar yadda soja ke yi, ba a ofishin da darekta ya kulle ya tafi taro da mabuɗin ba. A gayyaci ma'aikacin CSI ko ƴan Croix-Rouge su gwada wa malamai, uwaye da manyan ɗalibai da hannu, ko sau ɗaya a shekara, don karatu irin wannan nawa bai maye gurbin gwaji. A rubuta lambar mai mota biyu ko uku a jikin murfin akwatin. Ba a fafe gora ranar tafiya. A taron iyaye na gaba, wani daga cikinmu ya ɗaga hannu ya kawo maganar.