Rigimar Giya Biyar A Gidan Mai Janwe

Duk direban da ya saba bin hanyar Akwanga zuwa Jos ya san Hawan Kibo, ya kuma san a nan ne mota ke faɗin gaskiyar lafiyarta. Wadda lagiretonta ke yoyo a nan za ta tafasa, wadda kulocinta ya sha jiki a nan za ta soma wari, sa'an nan ta tsaya cik, fasinja su firfito suna neman dutsen da za su sa mata waigi. To, asarar wani abincin wani ce. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, watau masu janwe, waɗanda ake aika wa su zo su ja matacciyar mota zuwa gareji.

Ɗaya daga cikinsu wani dattijo ne da ya ba shekara sittin baya. Motarsa Land Rover ce a-kori-kura mai dogon shasi, irin wadda ake kira 109, samfurin Series III da aka ƙera daga 1971 zuwa 1985. Injinta na fetur ne mai silinda huɗu, ƙarfinsa bai wuce na doki 70 ba, kuma a tudun Jos, inda ƙasa ta ɗaga kimanin mita 1,200 bisa teku, iska ba ta da kauri, sai ƙarfin ya ƙara raguwa. Duk da haka da wannan mota ya aurar da 'ya'ya mata uku, da ita ya rufa ɗakuna da kwano, kuma har yau idan ta kwana biyu ba ta fita ba tukunyar gidan takan sani.

A daminar da ta wuce giyarta ta soma fita da kanta daga lambatu. Wanda bai san aikin ba zai ce ai ƙaramin abu ne, a mayar da ita mana. Amma mai janwe ya fi tsoron gangara bisa ga hawa. Sa'ad da yake saukowa da mota a ɗaure a bayansa, nauyin da ke tura shi ya ninka nasa, birkin Land Rover irin wannan kuwa na ganga ne a ƙafa huɗu duka, da ya yi zafi sai ya saki. Inji ne ke riƙe motar, shi kuwa inji ba ya riƙe kome sai ta hannun giya. In giya ta fita a tsakiyar kwana, mota biyu ne suka zama marasa linzami. Dattijon ya yi mako uku yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana danne da sandar giya, kafin ya yarda ya kai ta wurin makanikensa. Da aka buɗe akwatin aka tarar haƙora sun cinye, sandar ƙasa mai ɗauke da su ma ta tsage. Makanike ya ce wannan ta wuce gyara, sai canji.

Nan fa rigima ta tashi tsakanin uba da ɗa.

Babban ɗansa, wanda ya yi shekara goma yana bin motar, kuma kowa ya san shi zai gaje ta, ya samo labarin wani akwatin giya mai giya biyar da aka ciro daga Land Rover 110, watau samfurin da ya fito a 1983. Sunan akwatin LT77. Ya ce, "Baba, tunda dai sai an kashe kuɗi, a kashe sau ɗaya. Rabin tafiyarmu ba mu ja kome, zuwa muke yi, inji yana ta kururuwa a giya huɗu yana shan mai. Da akwai ta biyar da mun huta." Lalle yaron nan ba shirme ya faɗa ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowace lita da janwe ta sha a kan hanyar zuwa daga ribar aikin take fita, kuma mai matacciyar mota ba ya ƙara ko kwabo don an taho daga nesa.

Uban bai iya ba shi amsa da hujja ba, sai cewa yake yi shi dai bai yarda da ita ba. Makaniken ne ya raba gardama, da ƙusa a hannu, yana zana lissafi a ƙasa. Lissafin ya cancanci mai karatu ya bi shi a hankali, domin a nan ne masu canjin giya da yawa suke faɗawa rami.

Ƙarfin inji ba ya zuwa taya kai tsaye, tasha uku yake bi. Akwai akwatin giya, akwai ƙaramin akwatin da ke bayansa mai raba ƙarfi gaba da baya, wanda direbobi ke kira agzilari, sa'an nan akwai haƙoran cikin aksul. Kowace tasha tana rage gudu ta ƙara ƙarfi, kuma ninka su ake yi. A Series III lambawan 3.68 ce, agzilari in an ja jar sanda 2.35 ne, aksul 4.7. In an ninka sai a sami kusan 40, watau inji zai juya sau 40 kafin taya ta juya sau ɗaya. Wannan shi ne sirrin da ya sa inji mai doki 70 yake tayar da mota biyu a kan tudu ba tare da an ƙona kuloci ba. A giya ta huɗu kuwa, agzilari na sama 1.15 ne, sai lissafin ya tsaya a 5.4.

To, sai makanike ya juya kan mai giya biyar. Giyarta ta biyar 0.83 ce, abin sha'awa. Amma ba ta zuwa ita kaɗai, tana tafe da nata agzilarin mai suna LT230, kuma wanda ke jikin wannan na sama 1.41 ne, domin an yi shi ne don aksul mai 3.54. In aka ɗora shi a kan tsohon aksul mai 4.7, lissafin 5.5 zai ba da. Ya dubi yaron ya ce, "Ka gani? Ta biyar ɗinka ita ce ta huɗun Baba, har ma ta ɗan fi ta kururuwa. Kuɗin mai ko kwabo ba za ka rage ba, sai fa in za ku canja aksul gaba da baya, wannan kuwa sabuwar mota ke nan."

Kuma ba a nan abin ya tsaya ba. Agzilarin 110 kullum yana tura ƙafa huɗu, alhali gaɓoɓin ƙafar gaba na Series ba a yi su don su yi ta aiki a kan kwalta ba, sitiyari zai riƙa fizga a kwana. Sai an yanke farfela ɗaya an ƙara ɗaya, an matsar da ƙarfen da akwati ke zaune a kai, an fasa daɓen mota don sanda ta sami hanya, an sake jan birkin hannu. Man ma daban ne: tsohon akwati man giya mai kauri yake sha, lamba 90, shi kuwa LT77 jan mai marar kauri aka tsara masa, wanda yaron gareji zai iya mancewa ya ɗura masa mai kaurin. Har wa yau an san shi da wata cuta, haƙoran bakin sandarsa inda ta shiga agzilari sukan cinye don rashin isasshen mai, ran da suka ƙare kuwa mota sai ta tsaya inji na juyi, ba gaba ba baya.

Wannan gardama ba ta Hawan Kibo kaɗai ba ce. A Amurka, inda manoma ke jan tirelar shanu da dawaki da tsofaffin a-kori-kura, sun daɗe suna yin irinta. Akwai wani akwatin baƙin ƙarfe mai giya huɗu, SM465, da kamfanin General Motors ya sa wa motocinsa daga 1968 zuwa 1991, lambawan ɗinsa 6.55, har suna yi mata laƙabi da giyar kaka don tsananin nawarta. Masu son gudu sukan cire shi su sa NV4500 mai giya biyar, wanda shi ma ƙaƙƙarfa ne, amma a motocin Dodge masu injin gas an san shi da kwancewar notin giya ta biyar, musamman ga masu jan kaya da ita inji na numfashi ƙasa-ƙasa. Ko'ina dai giya ta biyar ta mota marar kaya ce. Su yanzu ma zaɓin ya ƙare musu, domin tun bayan samfurin 2018 babu babbar a-kori-kurar jan kaya da ake sayarwa sabuwa can da giyar hannu.

Da lissafi ya ba dattijon gaskiya sai ya zarce. Ya ce shi ba ma na Series III yake so ba, a nemo masa na Series IIA, samfurin 1961 zuwa 1971, wanda ya koyi tuƙi da shi. A wannan akwati lambawan da lambatu ba su da zoben nan mai daidaita gudun haƙora kafin su haɗu, kuma tsofaffin makanikai da dama suna riƙe da cewa ya fi jure wahala. Amma a nan ya kamata a faɗa wa dattijo gaskiya shi ma. Ƙarfen da ya haura shekara hamsin yana aiki ba sunan samfurinsa ke riƙe da shi ba. Na Series III na ƙarshe-ƙarshe da ba a wahalar ba ya fi na IIA da ya gaji, nesa ba kusa ba. Rabin hujjarsa ƙarfi ne, rabin kuwa begen ƙuruciya, ko da yake ba zai amsa ba.

Sa'ar da aka yi ita ce makaniken ba ya sayen suna. Ya tafi Panteka a Kaduna ya kwana biyu, ya duba akwati biyar. Kowanne sai ya kwance notin ƙasa ya tara ragowar man a tafin hannu ya murza, in ya ji ɓarɓashin ƙarfe ya wuce. Ya kama sandar gaba ya girgiza ya ji ko boris ya saki, ya buɗe murfin sama ya haska haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ya sa kowace giya ya juya da hannu yana saurare. Wanda ya fi lafiya cikin biyar ɗin ya zamana na IIA ne, don haka burin dattijo ya cika ba don gardamarsa ba. Ɗaurawar ma ba ta zo da sauƙi ba, domin ƙaramin famfon kuloci na IIA a ɗaya gefen yake, sai da aka sake lanƙwasa bututu aka nemo faranti da ya dace. Kwana goma sha ɗaya motar ta yi a kan duwatsu, aka ci bashin hatsi a gidan.

Yanzu wahalar ta koma kan yaron. Akwatin da ba shi da zobe ba ya karɓar giya sai an roƙe shi. Mai saukowa daga lambatiri zuwa lambatu zai taka kuloci ya fitar da sanda tsakiya, ya saki kuloci, ya ɗan taɓa totur inji ya ɗaga murya daidai gwargwado, ya sake taka kuloci, sa'an nan ya tura. In kunnensa ya yi daidai sanda za ta shige kamar an ja ta, in ya kuskure haƙora su yi ƙara har maƙwabta su leƙo. A kan gangara da kaya a baya, wanda ya kuskure ya zauna ba giya, abin da aka gudu ke nan tun farko. Saboda haka uban ya hana shi jan kome a Hawan Kibo tukuna. Kullum bayan sallar asuba sukan fita fili, uba na gefe yana cewa, "Saurara, kada ka dubi sanda, inji za ka ji."

Maganar mai kuwa ba ta mutu ba. Makanike ya gaya musu akwai wata ƙaramar na'ura ƙirar Fairey da ake ɗaurawa a bayan agzilarin Series ba tare da an yanke farfela ba, tana rage juyin inji da kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Dattijo ya yarda a saya, bisa sharaɗin ba za a taɓa sandarta ba muddin akwai mota a ɗaure a baya. Yaron ya ba da saƙo Kaduna da Kano da Ikko, an kawo masa guda ɗaya ya ji tana kuka ya mayar. Tsohon akwatin da ya fashe yana nan ƙarƙashin mangwaro a tsakar gida an rufe shi da buhu, domin dattijo ya ce murfinsa da sandunan zaɓen giya lafiyarsu lau, kada kowa ya sayar wa 'yan gwangwan.