Dariyar Aro

Ranar da na fara shiga zauren teyatur a Damagaram, ban yi wata biyu da zuwa daga Tanut ba. Da Faransanci aka yi wasan, ƴan wasan kuma zuba kawai suke kamar ruwan Agusta. Rabi na kama, rabi ya wuce ni. In na ji na kusa da ni sun yi dariya, sai ni ma in yi. Wallahi har da tafi. Na koma ɗaki ina jin na zama wani.

Sai bara, wajen karatun tarihin harsuna, na gano ashe ina da ƴan'uwa a Turai. A farkon ƙarni na 19, manyan Landan sukan cika King's Theatre don kallon opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da kiɗa, kuma da Italiyanci ake rera shi. Da yawansu ba sa jin harshen, sai dai su sayi ɗan littafi mai fassara a gefe. A La Scala ta birnin Milan kuwa, ɗakunan kallo mallakar manyan gidaje ne, ana gadonsu kamar gona. A ciki ake hira, ake cin abinci, mawaƙi na can yana fama. An zo kallo, amma babban abin shi ne a gan ka.

Abin dariya, wasan da ya yi tashe lokacin, wanda Rossini ya fitar a Roma a 1816, labarin wanzami ne, Figaro, wanda ya fi masu kuɗin wayo.

Mu ma muna da irinsa. A wasan kara na Damagaram, samari ne ke kwaikwayon sarki da fadawansa, kowa ya gane da wa ake. Innata a Balbeji, in tana gatana, ita ce Gizo, ita ce Ƙoƙi, ita ce kura, murya uku a baki ɗaya. Ban taɓa jiran wani ya yi dariya ba kafin in yi.

Ba faɗa nake da Faransanci ba, da shi nake jarrabawa. Abin da ke cina shi ne, a daren nan na ji kunyar harshen da ke sa ni dariya ta gaskiya. In mun tashi rubuta wasanmu na bana, ƴan'uwa, mu rubuta wanda Inna za ta gane.