Kwalin Jami'a da Damin Hatsi

A ƙauyukan ƙaramar hukumar Atantane, cikin gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi, idan aka ce wane ya samu aiki, kowa ya san abin da ake nufi. Manomin da ya wuni yana huɗa a ƙarƙashin rana aiki yake yi, amma ba a cewa ya samu aiki. Maƙeri da majemi da mahauci sana'a gare su. Wanda ya ɗauki jaka ya nufi Katsina ko Kano bayan kaka, an ce ya tafi nema. Kalmar aiki a wannan ma'ana an keɓe ta ga mai albashi, wanda ake kira ma'aikaci, kuma tun zamanin Turawa makarantar boko ce kaɗai ƙofar da ke kaiwa gare ta. Saboda haka mai sana'a ko mai nema, idan shekara ta yi masa tsauri, sai a ce kasuwa ce ba ta yi ba. Ɗan jami'a kuwa, idan ya dawo gida da kwali babu albashi, sai a ce karatun bai yi ba.

Akwai wani gida a ɗaya daga cikin waɗannan ƙauyuka mai ƴaƴa maza uku. Babban ya bar lakwal tun yana aji huɗu, ya yi shekaru yana ci-rani a Kano, ya dawo da ɗan jari. Yanzu yana bin kasuwannin ƙauye yana sayen wake da riɗi tiya-tiya, yana tarawa a wani shago da ya kama a Tasawa. Yana da babur, ya yi aure, ya rufa ɗakin mahaifiyarsa da kwano. Na tsakiya ya yi shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise, ya ci jarrabawar bak, ya tafi jami'a ya karanta kimiyyar harshe. Lisansin da aka tsara wa shekara 3 ya ci masa 5, ya ƙara shekara 2 na bautar ƙasa, kuma a yau malamin kwantaragi ne a wata kwaleji ta karkara. Ƙaramin shi ne ya ci bak a bana. Tun ranar da sakamako ya fito gidan bai sake zama lafiya ba, domin babban wa yana son yaron ya zo shago, ya yi masa alkawarin sallamarsa da jari bayan shekara uku, yaron kuma zuciyarsa na jami'a.

Bayan an gama maimai, mahaifin ya kira na tsakiya shi kaɗai. Ya ce masa, "Kai ka bi hanyar nan, mu labarinta muke ji. In na sake fitar da abin da na fitar dominka, me zan gani?" Saurayin ya ce, "Baba, a ba ni kwana biyu in yi tunani." Bai nemi lokacin don ya rasa abin faɗa ba. Amsa biyu ke bakinsa, kuma kowace tana da nauyi. In ya ce a tura yaron, za a ce yana kare kansa ne. In ya ce kada a tura, ya yanke wa shekarunsa 20 na karatu da bauta hukunci da bakinsa, a gaban mutumin da ya biya su.

Tsammanin da mahaifin yake yi wa karatu yana da tushe. Ya girma a lokacin da takarda take daidai da albashi. An kafa cibiyar karatu mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, kuma a shekarun da kuɗin yuraniyom ke shigowa gwamnati na ɗaukar kusan duk wanda ya kammala. Da farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu, ɗaukar aiki kai tsaye ya gushe. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka fara cika azuzuwa da malaman sa-kai, sannan na kwantaragi, masu ɗan abin hannu da bai kai albashin cikakken ma'aikaci ba. A ɗaya gefen kuma jami'o'i suka ƙaru: Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2010, sai Agadas da Difa da Doso da Tilaberi a 2014. Ƙofar shiga ta faɗaɗa, ta fita kuwa ta ƙuntata. Dattijon bai karanta wannan tarihi ba, amma ya ga ƙarshensa a tsakar gidansa.

Shakkar da yake yi ma ba sabuwa ba ce, kuma harshe ya adana ta. An daɗe ana cewa kalmar boko daga Turancin Ingilishi aka aro ta, har Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin yaudara ko na jabu, irin wadda ke cikin biri-boko da amaryar boko. Kakannin da suka raɗa wa karatun Bature wannan suna sun yi masa hukunci tun kafin su ga amfaninsa. Albashi ne ya wanke kalmar daga baya. Da albashin ya yi wuya, sai tsohuwar ma'anar ta fara leƙowa a hirar samari a fada, inda ake shan shayi ana ƙirga masu kwalin da ke kabu-kabu.

Saurayin ya zauna ya yi lissafi irin na gida. Kuɗin rajista ba su ne masu nauyi ba. Abin da ke karya gida shi ne kuɗin mota, da na ɗaki, da na abinci da na kwafin darussa, a watannin da bursu bai fito ba, ga wanda ma ya samu bursun. Sai hannu guda da gandu ke rasawa duk lokacin da zangon karatu ya shiga cikin damina. A shekarunsa na jami'a mahaifiyarsa ta sayar da jajayen awakinta ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ta tara da kuɗin ƙuli-ƙuli da gamanarta. An jinginar da wata gona ta bakin fadama, ba a fanshe ta ba sai da babban wa ya dawo daga Kano. Ƙanwarsu ta tsaya a firamare, kuma ko da yake ba wanda ya taɓa cewa dominsa ne, shi ya san gidan ba ya iya ɗaukar ƴan makaranta biyu a lokaci guda. Wannan bashi ba ya cikin kwalin da aka ba shi.

Amma ya ga cewa adalci shi ne a auna sauran hanyoyin da mudu ɗaya. Mutane na ganin babur ɗin babban wa, ba sa ƙirga abokan tafiyarsa da suka dawo da rigar da suka tafi da ita. Neman da ya dogara ga Najeriya yana hannun abubuwan da mai nema ba ya da iko a kansu. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake rufe ta da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Naira ta faɗi, har ɗan ci-rani ya yi rani guda yana tura baro ko ga-ruwa, in ya canza abin da ya tara zuwa sefa sai ya tarar bai kai na damin hatsin da ya ci bashi ba. Zinariya ta ɗebi samari da yawa tun da aka gano ta a Jado a 2014, kuma a nan jihar Maraɗi, a yankin Ɗan Isa, rami ya rufta a Nuwamban 2021 ya kashe aƙalla mutum 18. Noma kuwa shi ne uwa, sai dai gonar da kaka ya nome shi kaɗai yanzu jikoki goma ke rabonta. Sassaben zamani ya dawo da gawo cikin gonaki ya gyara ƙasa, amma bai ƙara wa kowa ko taki ɗaya ba, kuma duk wanda ya ga yunwar 2005 ya san abin da damina ɗaya ke iya yi.

Hatta hanyar kasuwa da babban wa ke kira gare ta tana da nata zangon karatu. Alhazan Maraɗi da suka yi suna da fataucin gyaɗa da na tsallaken iyaka, da yawansu ba su shiga lakwal ba, amma sun yi shekaru suna yaran gida, suna ɗaukar kaya suna riƙe amana, kafin ubangida ya sallame su. Wasu an sallame su da jari, wasu sun tsufa a bakin shagon wani. Can ma ana shiga da fata ne, babu tabbas.

Da ya juyo ga abin da karatun ya ba shi, ya tarar ba a banza ya tafi ba. Shi ne ya karanta takardar jinginar gonar ya gane an rubuta ta kamar sayarwa, aka gyara kafin a kai ga rigima. Shi ke rubuta wa ƙungiyar matan ƙauyen takardunsu. In an kai mara lafiya likita, shi ke tsayawa tsakanin ma'aikacin da tsohuwar da ba ta san abin da aka rubuta mata ba. A ajinsa yana karɓar yara da suka yi shekara 6 ana koya musu da Faransanci, ba su iya karanta shi ba, ba su kuma iya karanta Hausar da suke mafarki da ita ba. Abokan aikinsa na cewa yaran daƙiƙai ne. Shi ya san yaro ba ya koyon karatu da sabon harshe a lokaci guda cikin sauƙi, kuma idan ya ɗauki mintuna kaɗan ya nuna musu harafi da sautinsa cikin Hausa, yakan ga idanu sun buɗe. Wannan sani daga jami'a ya zo da shi.

Ƙasar ma ta daɗe tana faɗin cewa tana bukatar irinsa. Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi kira tun 1964 da a koyar da yaran Afirka cikin harsunansu. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan gida gurbi a makaranta, ta 2001 ta lissafa harsunan ƙasa guda 10, kuma kundin da aka ƙaddamar a Maris ɗin 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Duk wannan na nufin littattafan da za a rubuta, da kalmomin lissafi da na shari'a da na magani da za a daidaita, da malaman da za a horar. Sai dai doka a takarda ba ta auna wa kowa tiyar hatsi, kuma ba ya iya gaya wa mahaifinsa ranar da za ta fara.

A nan ya gane inda kullin yake. Kuɗin karatun jami'a gida ɗaya ke biya, amfaninsa kuwa yana bazuwa cikin gari: ga matan ƙungiya, ga marasa lafiya, ga ƴaƴan wasu. Ribar shago tana shigowa gida kai tsaye, ana ganinta a rufin ɗaki. Idan aka tambayi gari, karatun ya biya. Idan aka tambayi rumbun gidan, har yanzu bai gama biya ba. Mahaifin kuwa game da rumbu ya yi tambaya, kuma yana da haƙƙin ya yi.

Da kwana biyun suka cika, ya nemi a kira babban wa da ƙaramin. Ya ce, "Baba, ba zan ce maka zai samu aiki ba, domin ni ma ban sani ba. Abin da na roƙa shi ne a bar shi ya tafi, amma ba yadda na tafi ba." Ya kawo sharuɗɗa. Ba za a taɓa gona ba, ko da jingina. Yaron zai nemi gurbi a Maraɗi, kusa da gida, inda ake karanta aikin gona da kiwon lafiya da fasaha, ya zaɓi fannin da ya san inda ake bukatarsa kafin ya sa hannu. Shi zai ɗauki abincinsa daga ɗan abin da yake samu. Duk hutu yaron zai zauna a shagon Tasawa ya koyi awo da ciniki, don kada ya fito da hannu ɗaya. In shekara biyu ta wuce bai ci gaba ba, a sake zama.

Babban wa ya yi shiru, sannan ya ce, "Ni yaro nake bukata yanzu, ba bayan shekara biyar ba." Can kuma ya ƙara da cewa kuɗin mota na wuyansa, da sharaɗin yaron ya riƙa duba masa littafin bashi, domin ya gaji da kai takardunsa wurin baƙo ya karanta masa. Ƙaramin, wanda bai ce uffan ba tun da aka zauna, ya ce, "Yaya, na yarda." Mahaifin bai ce ya gamsu ba. Ya ce tunda gona na nan, sauran na Allah ne, ya tashi ya ɗauki butarsa.

Babu wanda ya san yadda lissafin zai ƙare. Mai yiwuwa yaron ya fito ya samu gurbi, mai yiwuwa ya ƙare a shagon da aka kira shi tun farko, da kwali a ƙasan akwati. Abin da ya bambanta tafiyarsa da ta wansa shi ne an faɗa masa kuɗin hanyar da wanda zai biya kafin ya hau mota. Ana sauran kwana uku ya tafi, mahaifiyarsu ta ja akuya ɗaya zuwa kasuwa ba tare da ta shawarci kowa ba, ta sayo masa tabarma da bokiti, ta ƙulle canjin a bakin zanenta ta ba shi da dare.