Darbejiya da Karen Maharbi

Lokacin da nake tattara kirarin mafarauta domin digirina na biyu, na tarar da wani dattijon maharbi yana wanke karensa da ruwan dafaffen ganyen darbejiya. Ya ce da ni: "Ɗana, kaska da ƙuma ba sa son ɗacinta." Da ya gama, ya cire kaskar da ta maƙale a kunnen karen, ya share makwancinsa, ya ƙone tsumman da yake kwana a kai.

Daga baya na gane hikimarsa. Darbejiya tana ɗauke da sinadarin azadiraktin, mai hana ƙwari ci da girma. Ƙwan ƙuma kuwa a shimfiɗa yake zuba, kaska kuma a tsagar bango take ɓuya.

Da na koma gida sai na yi gaban kaina. Na ji an ce tafarnuwa na korar ƙuma, na riƙa zuba wa karen gidanmu a abinci har ya galabaita, dasashinsa ya yi fari. Likitan dabbobi ya shaida mini cewa tafarnuwa da albasa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Da ƙyar ya sha.

Tun daga nan nake taka-tsantsan da kalmar "gargajiya" a rubutuna. Ita kanta darbejiyar baƙuwa ce daga Indiya, a ƙarni na 20 ta yaɗu a ƙasar Hausa. Lura da gwaji maharbin ya gada. Ni kuwa jita-jita na bi.