Ƙarin Mai Ba Gyara Ba Ne



Mu da muke cin abinci da sifana a cikin wannan zumunta mun daɗe da lura cewa masu son tsohuwar motar ƙawa fenti suke fara dubawa, sai ƙarar inji. Da wuya a sami mai tambayar lafiyar sitiyari. Alhali inji gudu kawai yake bayarwa. Abin da ke juya mota inda direba yake so wani dogon ƙarfe ne mai haƙora, kwance a ƙasa tsakanin tayoyin gaba. Makanikai suna kiransa rak.

Motar da muka fi sanin rak ɗinta ita ce Mazda MX-5, 'yar ƙarama mai kujera biyu, wadda ake ƙerawa a Hiroshima ta ƙasar Japan. An fara nuna ta a Shikago a 1989, kuma samfurin farko, mai fitilun da ke buɗewa kamar ido, ya tsaya a 1997. Ke nan ko autarsu ta haura shekara 25. Ƙarfe yana jure wannan tsufa, roba kuwa ba ta jurewa.

Ga yadda abin yake aiki. Idan direba ya murɗa sitiyari, wani ɗan ƙaramin giya yana tura dogon ƙarfen nan hagu ko dama, shi kuma ya ja tayoyin ta hannuwa biyu da ake kira tayarod. Don kada hannu ya wahala, akwai famfo da bel ɗin inji ke juyawa, yana tura mai da ƙarfi zuwa cikin rak. Man yana taya direba turawa. Ƙananan zobba na roba, wato sil, su ne suke tsare man a ciki. Idan suka tsufa sai su ƙandare, mai ya fara tsiyaya.

Abin damuwa shi ne yoyon yakan ɓuya. A kowane gefen rak akwai rigar roba mai ninki-ninki da ke hana ƙura shiga, kuma bai kamata a sami mai a cikinta ba. A nan yake taruwa, ƙasa a bushe, mai mota yana ganin lafiya lau. Sai famfo ya fara kuka idan an juya.

Wani dattijo ya taɓa kawo mana tasa, da gorar mai a bayan kujera. Ya ce, "Yarana, ku ƙara mini kawai, haka nake yi kowane mako." Da muka kwance rigar robar, mai ya kwararo mana har gwiwar hannu. Muka ce, "Baba, ranar da sil ɗin ya ƙarasa tsagewa, sitiyarin zai yi nauyi farat ɗaya, wataƙila a tsakiyar kwana, jikanka yana gefenka." Ya yi shiru, sannan ya miƙo makulli.

Daga nan tambaya ɗaya ce: a gyara ko a sauya? Jikin ƙarfen ne yake ba da amsa. In yana nan sumul, sababbin sil sun isa. In tsatsa ta ci shi ta bar ramuka, ko haƙoransa sun cinye, duk sil ɗin da aka sa zai yage cikin ɗan lokaci, gara a nemi wani rak ɗin. Na kwance daga wata tsohuwar mota ya fi araha, amma robarsa sa'ar wadda aka cire ce. Araha ba ta ado.

Aikin kansa haƙuri yake so. Ba ma shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, sai an tokare ta da ƙafafun ƙarfe. Mukan miƙe tayoyi, mu ɗaure sitiyari kada ya juya shi kaɗai ya tsinka wayoyin da ke naɗe a bayansa. Mukan ƙirga zagayen da kowane kan tayarod ya yi kafin ya fita, mu rubuta. Tebur sai an share shi tas, don ƙwayar yashi ɗaya tana iya karce sabon sil. Bayan an mayar, a zubar da tsohon mai, a sa irin wanda kamfanin ya ce, wato man giyar otomatik. A ɗaga gaban mota, a riƙa juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali har kumfa ta ɓace. Na ƙarshe shi ne saita tayoyi a wurin masu alaimen, in ba haka ba mota za ta riƙa ja gefe tana cin taya.

Idan an gama, babu abin da zai nuna a waje. Mai mota ba zai taɓa ganin sil ɗin da muka sa ba, ba zai san ko mun share tebur ba. Ya dai ba mu amanar ransa da na wanda ya ɗauko, da na yaron da zai tsallaka titi a gabansa.

Saboda haka, 'yan'uwa, masu mota da masu koyon sana'a, a wannan mako ku sunkuya ku matsa rigar robar nan da yatsa. In kun ji danshin mai, ku ajiye gorar ku nemi bakanike.

Allah ya kiyaye hanya.